Na'urar Birkin Tirela: Ta Kamfani Ko Ta Kasuwa, da Yadda Ake Haɗa Ta a A-kori-kura

Masu jan tirela da a-kori-kura sun daɗe suna maimaita tambaya guda: shin na'urar sarrafa birkin tirela wadda kamfani ya saka tun daga masana'anta ce ta fi, ko kuwa wadda ake saye a kasuwa a ɗaura daga baya? Tirelar da ake nufi a nan ita ce ƙaramar da ake maƙalawa a bayan mota domin ɗaukar kaya, ko dawaki, ko wata motar, ko kuma ɗakin kwana na tafiye-tafiye. Amsata a taƙaice ita ce, idan motarka ta zo da ta kamfani, ko kuma tana iya karɓarta, to ka riƙe ta. Idan ba haka ba, ta kasuwa mai auna tsayuwar mota za ta wadatar. Sai dai mafi yawan korafin da ake ɗora wa waɗannan na'urori ba laifinsu ba ne, laifin wayoyin wuta ne da rashin saita birki, don haka matakan da ke ƙasa sun fara daga tirelar kanta, ba daga shago ba.

1. Gano irin birkin tirelarka

Kafin ka kashe kuɗi, ka leƙa ƙarƙashin tirelar, domin ba kowane birki ne yake buƙatar na'ura ba. Idan ka ga wayoyi biyu sun shiga bayan kowane durom, to birkin lantarki ne: a ciki akwai maganaɗisu wanda wuta take sa ya manne da durom mai juyawa, ya ja wani ƙarfe da yake buɗe lainin birki. Gwargwadon wutar da aka aika masa, gwargwadon kamun da zai yi, kuma aika wutar shi ne aikin na'urar da muke magana a kai.

Idan kuma a wuyan tirelar akwai wani sashe mai zamewa gaba da baya, wanda yake matse birki da zarar tirelar ta turo motar, wannan birkin yana aiki da kansa, babu abin da na'ura za ta ƙara masa. Irinsa ne ya fi yawa a Turai da kuma a tirelolin ɗaukar kwalekwale. Nau'i na uku shi ne mai haɗa lantarki da man birki, inda wutar da ta fito daga mota take tayar da famfo a jikin tirelar. Ka rubuta wannan a takarda idan shi ne naka, domin zai shafi zaɓinka a mataki na uku.

Ka ƙidaya aksil, ka kuma karanta farantin da ke jikin tirelar domin sanin iyakar nauyin da aka halatta mata. Doka ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A Amurka kowace jiha da nata ƙa'idar, kuma jihohi da dama suna wajabta birki daga fam 3,000, wato kusan kilo 1,360. A Ostareliya ana buƙatar birki idan nauyin ya haura kilo 750, idan kuma ya wuce kilo 2,000 dole ne kowace taya ta kasance da birki, tare da na'urar da za ta tsayar da tirelar idan ta kwance daga mota.

2. Duba abin da motar ta zo da shi

Abu uku za ka nema. Na farko shi ne soket mai baki bakwai a bayan motar. Mai baki huɗu fitilu kawai yake ɗauka, ba shi da layin birki. Na biyu shi ne na'urar kamfani a gaban mota kusa da sitiyari, wadda ake gane ta da madannin ƙari da ragi da kuma wasu 'yan hannaye da ake matsewa da yatsu domin kama birkin tirelar ba tare da taka na mota ba. Na uku, idan babu ita, shi ne filogin da kamfani ya tanada a ƙarƙashin allon gaban mota, galibi a gefen direba, a naɗe da sauran wayoyi.

Ford ya fara saka na'urarsa a manyan motocinsa na Super Duty a samfurin 2005, F-150 ta samu a 2009, sauran kamfanonin Amurka kuma suka bi sahu a cikin 'yan shekarun. Saboda haka motar da ta girmi wannan zamani ba ta da zaɓi sai ta kasuwa, kuma mai ita yana iya tsallake rabin muhawarar.

Gargaɗi: kasancewar soket mai baki bakwai ba ya nufin layin birki yana raye. A wasu motocin kamfani yana barin fis ko rile a cikin leda a akwatin gaban fasinja, a wasu kuma akwai wayoyin da aka naɗe kusa da akwatin fis na injin waɗanda sai an ɗaure su da hannu. Littafin motar ne zai faɗa maka, kuma karanta shafi biyu ya fi a yi awa uku ana neman laifin da babu shi.

3. Yi zaɓi

Fifikon ta kamfani yana wurin da take samun labari. A yawancin motoci tana karanta matsin man birki ne kai tsaye, don haka tun lokacin da ƙafarka ta fara danna birki ta san ƙarfin da kake nufi, ba ta jira sai motar ta fara rage gudu ba. Tana kuma magana da kwamfutar motar: idan tsarin hana kullewar taya ya shiga aiki a kan kwalta mai santsi tana sane, kuma a motocin da ke da tsarin hana tirela lilo, motar tana iya haɗa kai da ita wajen daidaita tafiya. Saƙonninta suna fitowa a allon da ke gaban direba, babu akwatin da zai riƙa bugun gwiwa, sannan tana ƙarƙashin garantin motar.

Ta kasuwa iri biyu ce, kuma bambancinsu ya fi bambancin da ke tsakanin ta kamfani da ta kasuwa mai kyau. Ta farko mai ƙidayar lokaci ce: da ka taɓa birki sai ta fara ƙara wuta sannu a hankali har ta kai iyakar da ka sa mata, ko tsayuwar gaggawa ce ko ta cunkoson ababen hawa, duk ɗaya ne a wurinta. Sakamakon shi ne fizga a cikin gari da kuma jinkiri a lokacin da ake bukatar kamu nan take. Ba na ba da shawarar sayenta sai ga mai ƙaramar tirela da yake ja sau biyu ko uku a shekara. Ta biyu tana da ma'aunin motsi a cikinta wanda yake jin yadda motar take rage gudu, ta aika wuta daidai da haka. Tekonsha Prodigy P2 da P3 suna cikin wannan rukuni, haka ma Tow-Pro na kamfanin Redarc na Ostareliya, wadda ake ɓoye jikinta a bayan allo a bar ɗan maɓalli kawai a waje. Akwai kuma Echo na kamfanin Curt, wadda ake sokawa tsakanin soket ɗin mota da filogin tirela a sarrafa ta da wayar hannu. Ta dace da mai sauya motoci ko mai haya, amma ni ina son abin matse birkin gaggawa ya kasance abin da hannu zai kama ba tare da ido ya duba ba.

Akwai wuraren da ta kasuwa take gaba. Ana iya cire ta a kai wata motar. Idan ta lalace a hanya, sauya ta aikin mintuna ne, alhali ta kamfani tana iya buƙatar kwamfutar dila. P3 tana nuna wutar da ke fita da wadda birki yake sha, abin da yake sauƙaƙa gano laifi. Sannan wasu tsofaffin na'urorin kamfani ba sa gane birki mai haɗa lantarki da mai, sai a ce maka babu tirela alhali tana maƙale, kuma ana magance hakan ne da ƙarin wata 'yar na'ura a jikin tirelar ko kuma komawa ta kasuwa. Sababbin motoci suna da wurin zaɓar wannan nau'in a allonsu.

Batun kuɗi, a kasuwar Amurka inda aka fi sayar da su, mai ƙidayar lokaci ba ta cika kaiwa dala 100 ba, mai auna tsayuwa tana kamawa daga wajen dala 100 zuwa sama, wayar haɗi ta musamman ga samfurin motarka kuma 'yan gomomin daloli ce. Ta kamfani, idan an nemi a saka ta lokacin sayen sabuwar mota, 'yan ɗaruruwan daloli ce, kuma wannan shi ne lokacin da ta fi araha.

4. Idan ta kamfani za a ƙara daga baya

Da dama daga cikin motocin da suka zo da kayan jan tirela suna karɓar na'urar kamfani ko da ba a saka ta tun farko ba. Ka ba mai sayar da kayan gyara lambar shasin motar domin ya ba ka wadda ta dace da shekararta, domin na'urori masu kama da juna a ido suna iya bambanta a ciki. Ana cire ƙaramin aljihun da ke wurin da aka tanada mata, a jona filogin da ke bayansa, a tura ta ta zauna.

Gargaɗi: jonawa kaɗai ba ta isa ba. Sai an sanar da kwamfutar motar cewa na'urar tana nan, in ba haka ba za ta zauna kamar ado. Dila yana yin wannan a kan kuɗin aiki, wasu masu motocin Ford kuma suna yi da kansu da manhajar FORScan. Wanda zai yi da kansa ya fara adana saitin asali kafin ya taɓa komai, domin lamba ɗaya da aka sauya bisa kuskure tana iya kashe abin da ba shi da alaƙa da birki. Haka nan, kada ka ɗaura ta kasuwa a motar da ta kamfani take aiki ba tare da an raba layin yadda ya kamata ba. Na'urori biyu a kan waya ɗaya ba ƙarin tsaro ba ne, saƙonnin kuskure ne za su cika maka allo.

5. Tanadi kayan aiki

Za ka buƙaci mitar gwajin wuta ko fitilar gwaji, filayar matse kan waya, abin fere waya, mahaɗan waya masu rufin da zafi yake tsukewa, sukudireba, na'urar huda, da igiyoyin roba na ɗaure waya. Idan motar ba ta da filogin kamfani, ka ƙara waya mai kaurin lamba 10 a ma'aunin Amurka, da bireka mai komawa da kanta, wato abin da yake katse wuta idan ta yi yawa: ta amfiya 20 ga tirela mai aksil ɗaya ko biyu, ta amfiya 30 ga mai uku ko huɗu. Dalilin waɗannan alƙaluma shi ne kowane maganaɗisu yana shan kusan amfiya 3, don haka tirela mai aksil biyu tana jan wajen amfiya 12 idan an matse birki gaba ɗaya, kuma siririyar waya a kan doguwar tafiya daga gaban mota zuwa aksil na baya tana cinye wutar tun kafin ta isa.

6. Zaɓi mazauni

Wurin ya kasance inda hannunka zai kai kana ɗaure da bel, idonka kuma yana kan hanya. Mai auna tsayuwa galibi dole ta fuskanci inda motar take dosa, ba a karkace zuwa ƙofa ba, kuma a ɗaure ta da noti a kan abu mai ƙarfi, domin idan tana rawa za ta ɗauki kowane gargada a matsayin birki. Ka kauce wa gaban jakar iska ta gwiwa idan motar tana da ita, ka kuma leƙa bayan roba kafin ka huda, kada ka ratsa wayoyin mota.

7. Haɗa wayoyi huɗu

Ka fara cire kan batir na nagatif. Idan akwai filogin kamfani kuma ka sayi wayar haɗin da ta dace, aikin bai wuce soka kai biyu ba. Idan babu, wayoyin na'urar huɗu ne, kuma kusan duk masu ƙera su sun yi ittifaƙi a kan launukansu. Farar waya ta nagatif ce, kuma ya fi kyau a kai ta har kan batir maimakon a ɗaure ta a wani ƙarfe na ƙarƙashin allo. Baƙar waya ta fosatif ce, tana tafiya zuwa batir ta cikin bireka. Jar waya tana zuwa makunnin fitilar birki da ke saman feda. Shuɗiyar waya ita ce mai kai wuta har bakin birki a soket ɗin baya.

Gargaɗi na farko: idan aka musanya baƙa da fara, na'urar tana iya ƙonewa nan take, kuma garanti ba ya biyan wannan. A wayarin gida da na wasu na'urori baƙar waya tana da wata ma'ana dabam, abin da yake ruɗar har ƙwararru.

Gargaɗi na biyu ya shafi jar waya. Makunnin fitilar birki yana da ɓangaren da wuta take zaune kullum da ɓangaren da wuta take zuwa sai an taka feda. Na biyun ake so. Ka gwada da mita tun kafin ka cire kan batir: babu wuta ƙafa tana sama, bolt 12 ƙafa tana ƙasa, kuma kada ta riƙa ƙyaftawa idan ka kunna sigina ko fitilar haɗari. A sababbin motoci makunnin yana magana ne da kwamfuta da 'yar wuta kaɗan, don haka a nan kada a yi gwaji da ka, a nemi wayar haɗin da aka ƙera wa motar.

Idan kamfani ya ba da guntun filogi mai wayoyi a sake, ka haɗa su bisa aikin da aka rubuta wa kowace, ba bisa launi ba, domin ja a wurin kamfanin mota ba lallai ne ya zama ja a wurin mai na'ura ba. Inda waya za ta ratsa ƙarfen da ya raba injin da cikin mota a sa mata zoben roba, a kuma nisanta ta da salansa.

8. Gyara birkin tirelar kafin ka taɓa saiti

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa. Ka ɗaga tirelar a kan jak da matokara, ka sa wani ya matse hannun na'urar, ka kasa kunne kusa da kowane durom: maganaɗisu mai aiki yana yin 'yar ƙara kamar ta kudan zuma, tayar kuma za ta ƙi juyawa. Na taɓa bin wata tirela mai aksil biyu da aka sauya wa na'ura har sau biyu saboda tana jan mota gefe guda idan an taka birki. Da muka shiga ƙarƙashinta sai ga wayar da ta ratsa cikin bututun aksil ta goge a bakin ramin, tagulla a waje, taya uku ne kawai suke kamawa. Haka kuma ka buɗe filogin ka duba ƙusoshinsa, domin wannan kore-koren tsatsa da yake taruwa a kan na nagatif shi ne asalin yawancin saƙon da ke cewa tirela ta katse alhali ana cikin tafiya.

Birkin da ba ya saita kansa ana matse shi ta ramin da ke bayan farantin, a juya ɗan haƙorin saiti har tayar ta yi wuyar juyawa, sannan a sassauta har ta juya da ɗan gogar laini kaɗan. Dexter, wanda yake cikin manyan masu ƙera aksil, yana cewa a yi wannan bayan mil 200 na farko, wato kusan kilomita 320, sannan duk mil 3,000. Sabon birki kuma ba ya kamu sosai sai an zaunar da shi: a taka shi sau 20 zuwa 30, kowane karo a rage gudu daga wajen kilomita 65 zuwa 30 a awa, ana barin tazara domin ya huce. Wanda ya saita na'ura kafin wannan zai ga birkin ya ƙara kaifi bayan kwana biyu, tayoyi suna kullewa.

Ka gwada makunnin da yake tsayar da tirela idan ta kwance, amma ka zare filogin daga mota kafin ka ja fil ɗinsa, domin wutar batirin tirela tana iya komowa ta lalata wasu na'urorin. Igiyarsa kuma a jikin motar ake maƙala ta, ba a jikin sarƙa ba.

9. Saita ƙarfin kamu

Ta kamfani da ta kasuwa hanyarsu ɗaya ce a nan. Ka ɗora wa tirelar kayan da za ka yi tafiya da su, ka nemi busasshiyar hanya mai kwalta, shimfiɗaɗɗiya, wadda babu zirga-zirga. A allon za ka ga kalmar Gain, wato ƙarfin kamu. A motocin Ford yana tashi daga 0 zuwa 10 da rabi-rabi, kuma 6 mafari ne mai kyau ga kaya mai nauyi. Ka yi 'yar tafiya kana taɓa birki domin ya ɗumama, sannan a gudun kilomita 30 zuwa 40 a awa ka matse hannun na'urar gaba ɗaya ba tare da taka birkin mota ba. Idan tayoyin tirela suka kulle suka yi ƙara, ka rage. Idan ba ka ji tana riƙe motar ba, ka ƙara. Abin da ake nema shi ne lambar da ke dab da kullewa amma ba ta kai ba. Tirela mai nauyi sosai tana iya ƙin kullewa ko an kai ƙarshe, kuma wannan ba laifi ba ne matuƙar kana jin riƙon.

Daga nan ka taka birkin mota kamar yadda ka saba. Idan kana jin tirelar tana turo ka, kamun bai isa ba. Idan tana fizgar ka baya, ya yi yawa. Wasu na'urorin kasuwa suna da saitin da yake sa birkin tirela ya riga na mota kamawa, kuma ana ɗaga shi ne idan tirelar ta kai nauyin motar ko ta fi ta.

Gargaɗi: lambar da ta dace da cikakkiyar tirela za ta kulle tayoyin wadda aka sauke wa kaya, ta cinye su a wuri guda. Duk lokacin da nauyi ya sauya, ko aka shiga ruwan sama ko hanyar tsakuwa, a sake saiti. Kada kuma ka yanke wa ta kamfani hukunci kana tsaye a gareji: wasunsu suna rage wuta da gangan idan mota tana tafiya a hankali domin kada a riƙa fizga, kuma ba sa sakin cikakkiyar wuta sai sun ji maganaɗisu a kan layi, don haka fitilar gwaji a soket ɗin da babu tirela za ta iya nuna maka 'yar ƙyaftawa kawai.

10. Saba wa hannunka da abin matsewa

Idan iska ko wata babbar mota da ta wuce ta sa tirela ta fara lilo, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe, ka matse hannun na'urar a hankali domin tirelar ta ja kanta ta daidaita a bayan motar. Taka birkin mota da ƙarfi a wannan hali yana ƙara lilon. A kan doguwar gangara kuma ka sauko da giya injin ya riƙe nauyin, domin durom ɗin da ya yi zafi ba ya kamu ko wace na'ura ce take aika masa wuta. A tsayawarka ta farko bayan tashi, ka zagaya ka kusantar da bayan hannunka ga kowane durom ba tare da ka taɓa ba: wanda ya fi sauran zafi yana gogawa, wanda kuma yake da sanyi kamar ba a yi tafiya da shi ba, wuta ba ta isa gare shi.